Jitar Kawu da Rumbun Baba

Kwanakin baya na shiga keke a Gumel zan je dubiya, sai mai keken ya kunna kiɗa. Ban san waƙar ba, ban ma ji abin da mawaƙin ke faɗi ba, amma can ƙarƙashin kujera wani abu na bugawa dum, dum, yana ratsa ƙarfe yana shiga ƙashin bayana. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Malam, rage mana, so kake ka tsinka mana hanji?" Ya rage yana dariya. Ni kuwa na so a ce ya bar shi. Yanzu wannan sautin ya zama ruwan dare, yana shagon aski, yana wajen mai cajin waya, yana gidan biki tun daga kamu har buɗar kai, ba wanda ke tambayar daga ina yake fitowa ko wane ne ke buga shi. A zamaninmu sai ka nemo shi. Sai ka riƙe numfashi, ka kasa kunne, wani lokaci ma sai ka ɗora haɓarka a jikin itace kafin ya yarda ka ji shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, a kan jigawa, inda rairayi ke cinye sawun mutum kafin ya waiwaya. Ba lantarki, ba injin niƙa, rediyo guda ce a gidan mai gari, ita ma sai an shanya batirinta a rana. Saboda haka kowane sauti da mai shi. In ka ji luguden taɓarya da sassafe ka san gidan waye, har ka san ko matar gidan ta tashi da fushi. In ka ji kukan igiya a bakin rijiya ka san an ɗaura wa sa guga, don rijiyarmu zurfi gare ta, in ka leƙa ruwan kamar ƙwayar ido yake can ƙasa. Da tsakar rana kuwa sai kurciya, sai tarin wani tsoho a gindin aduwa. Iya, kakata ta wajen uba, takan ce gari mai shiru ba ya ɓoye ɓarawo, ba ya ɓoye mai kuka. Yaran yanzu ba su san irin wannan shirun ba, in aka ɗauke wuta minti kaɗan sai su fara tsaki kamar an yi musu sata.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma ni kaɗai ce mace a ƙauyen da ta kai sakandare, makarantar kwana ta 'yan mata can wajen Kano. Saura mini shekara guda in gama aka ba mu hutu, muka hau motar katako zuwa Gumel. Lokacin ba a daɗe da canza hannun tuƙi ba, direbobi na bin sabon hannu amma tsohon yana nan a jikinsu. Gab da Gagarawa, a wata kwana, muka yi kiciɓis da wata babbar mota. Direbanmu ya kauce ta tsohon hannu, wancan ya kauce ta sabo, ashe duka gefe guda ke nan. Ƙawata da ta yi barci a kafaɗata tun daga hanya ba ta farka ba. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Abin da ya zauna mini shi ne injin bai mutu ba. Motar na kwance a kan haƙarƙarinta, ƙafafunta na juyawa a sama, injin na ta gurnani, kuncina na manne da katako, gurnanin na shiga ta haƙorana, kuma ba wanda ya zo ya kashe shi sai bayan wani lokaci da har yau ban san tsawonsa ba.

Na dawo gida da hannu mai rawa. Moɗar ruwa sai na riƙe ta da hannu biyu, in na kai baki rabi ya zube a zane. In mota ta bi hanyar Maigatari ranar kasuwa, tun kafin kowa ya ji ni na ji ta a tafin ƙafata, sai in shige ƙuryar ɗakin Iya in toshe kunne. An yi rubutu na sha, an yi tofi, an turara mini saiwoyi har idona ya yi ja. Makaranta suka yi mini uzuri iya yi, daga baya suka aiko ta bakin wani mutumin Gumel da 'yarsa ke ajinmu cewa in aka sake buɗewa ban koma ba za a ba wata gurbina. Hanyar komawa kuwa ɗaya ce, motar katako, ta Gagarawa. Baba ya saurari saƙon a zaure, ya ce, "A ce musu mun gode. Yarinya a gidan ubanta take, ba a titi ba. Rumbu na nan, ba wanda zai ce ta ci da yawa." Na ji daɗin maganar, na kuma ji kunyar jin daɗin.

Shekarar ce damina ta yi mana gatse. Hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta kwashe shi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Fulanin da muka saba gani suna sauka bayan gari da kaka suka fara wucewa kudu tun kafin lokaci, da shanu waɗanda za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, bayansu kuma Buzaye, wasu ko raƙumi babu. A cikin wannan ayarin ne wata la'asar Kawu ya iso, ƙanin Inna mahaifiyata, wanda tun yana yaro aka kai shi Damagaram ya tashi a birni. Ya shigo da wando mai faɗin ƙafa, da suma kamar an kifa masa ƙwarya, da wani dogon abu naɗe cikin bargo a kafaɗa. Inna ta ɗauka bindiga ce. Ya ce ƙungiyar kiɗan da yake ciki ta watse, don mutanen da ba su ci ba ba sa rawa, mai ƙungiyar ya kwashe kayansa, shi kuma ya taho da abin da yake nasa.

Da ya warware bargon Iya ta matso ta duba. Ja ce, jikinta sumul ba rami, wuyanta dogo, an gindaya masa siraran ƙarafa sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, ga tsirkiya huɗu masu kauri kamar igiyar guga.

"Kai ɗan Damagaram, wannan wace irin garaya ce?"

"Jita ce, Iya. Jitar bes. Ita ce uwar jitoci."

"To ka sani, gidan nan tun kakanni ba a taɓa roƙo ba. Manoma ne mu."

"Iya, wannan ba ta roƙo. Ko magana ba ta yi. Saurara ki ji."

Ya ja tsirkiya mafi kauri. Muka ga tana rawa, amma abin da ya fito bai kai kukan ƙudan zuma a cikin tulu ba. Ya ce muryarta tana cikin wani akwati da su can suke ce wa ampili, sai an haɗa da waya da lantarki, akwatin kuma na mai ƙungiya ne. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe bebiya ka auro! To zauna da ita. Abin da maƙwabci bai ji ba, ba a yi shi ba."

Ina jin don bebiya ce na matsa kusa da ita. Duk wani abu mai gurnani ina gudunsa, wannan kuwa gurnaninta a tafin hannu yake. Kawu yakan zauna a inuwar bayan ɗakin Inna da hantsi yana motsa yatsu, ni ina tsintar tsakuwa a gero ina satar kallo. Ran nan ya kira ni da sunan da su can Damagaram suke kiran 'yar makaranta, ya ce, "Ke 'yar lakwal, kallo ba ya ƙoshi. Zo ki riƙe." Na ce hannuna rawa yake. Ya ce, "Madalla, ita ma tsirkiyar aikinta ke nan." Ya ɗora mini ita a cinya, nauyinta kamar na ɗan akuya. Ya ce in ɗora haɓata a kan kafaɗarta, sannan ya ja. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya taso ta cikin itacen, ya bi muƙamuƙina, ya zauna a tsakiyar kaina. Na ɗago da sauri. Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyar, abin ya mutu nan take. "Kin gani? In kin ce ya yi, ya yi. In kin ce ya isa, ya isa."

Daga nan karatu ya fara, kuma ban taɓa yin karatu mai kama da mafarki irin wannan ba. Gari na ta bushewa, mu muna bayan ɗaki muna kiran sunaye. Mai kauri ta sama Mi, mai bi mata La, sai Re, sai Sol ƙaramarsu. Na ce ai mun yi do re mi a makaranta wajen wata malama mai tsawa, ya ce to ku waƙarsu kuka yi, yanzu za ki taɓa su da hannu. Babban yatsa na dama ya zauna a sama kamar mai gadi, manuniya da na tsakiya su yi ta tafiya, ɗaya na bin ɗaya, kada guda ya yi taku biyu a jere. "Mutum da ƙafa ɗaya yake tafiya? Gurguwa ce ke?" Hannun hagu kuma kada a danna a kan ƙarfe, kada a danna a tsakiyar gaɓa, sai dab da bayan ƙarfen, in ba haka ba sai ta yi zizar banza. Ƙaramin yatsana ya ƙi kaiwa, ya ce in bar shi, zai kai ranar da ya ga dama. In na yi sauri ya ce, "Dusma, a hankali, ba kura ke bin ki ba." Tampo, wato gudun kiɗa, a wajen masu daka na koye shi. In Inna da maƙwabciyarmu suna lugude, sai ya ce in sa Mi a kan taɓaryar Inna, in bar ta maƙwabciya ta wuce a shiru, amma in ƙirga shirun, don shi ma kiɗa ne. Akor kuwa, wato sautukan da ake bugawa tare, ya ce gida ne mai mutum uku, masu ƙananan jita su ke shiga su gaisa da kowa, ni maigidan kawai zan gaisar in wuce, shi ne tushe. In na tsallake tsirkiya guda na ƙara gaɓa biyu, zan tarar da takwaran maigidan, suna ɗaya, murya ƙarama.

Na tambaye shi me ya sa bai koyi ƙaramar jita ba, wadda ake ji. Ya taɓe baki. "Mai solo, mai ƙaramar nan, shi 'yan mata ke jefa wa kallabi. Ni ba wanda ya san ina wurin sai na daina, sai ki ga ƙafafu sun rikice ba su san dalili ba. Miya ake yabo, 'yar lakwal, amma tuwo ke riƙe ciki."

Yatsuna suka yi bororo, suka fashe. Iya, wadda ta ce ba ruwanta da garayar, ita ce ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini kan yatsun don su yi kanta, tana yi tana mita. "An kai ki boko ki zama malama, kin dawo kina shafa bebiya. Miƙo ɗayan." Abin da na fi so duka shi ne saiti. Sai in danna gaɓa ta biyar a kan Mi in ja, in ja La a sake, haɓata a kan itace. In ba su daidaita ba sai ka ji sautin biyu suna kokawa, wau, wau, wau, kamar ruwa a ƙwaryar da mai ɗauke da ita ke gudu. Sai in kama kunnen jitar in murɗa kaɗan kaɗan, kokawar ta yi ta lafawa, ta yi jinkiri, ta yi jinkiri, har ta kwanta ta zama abu guda miƙaƙƙe. Nakan ɓata saitin da gangan don in sake jin wannan kwanciyar. Hannuna bai daina rawa da moɗa ba, amma a kan tsirkiya yakan manta.

Rumbun Baba na ƙasa ne, babba, a tsakar gida, zaune a kan duwatsu, da hular ciyawa a ka. A al'adarmu mace ba ta leƙa rumbu, yaro ba ya leƙawa, ba a kuma tambayar maigida saura nawa. Kullum da safe Baba zai jingina tsani, ya ɗaga hular, ya shiga, ya fito da awon yini a ƙwarya ya ajiye wa Inna a ƙofar ɗaki. Duk wannan shekarar awon bai ragu ba. Gidaje sun fara jiƙa hanza, wasu na tona gidan tururuwa, mu muna cin tuwonmu. Ya sayar da jakinsa, ya ce taurin kai ya yi masa yawa. Babbar rigarsa ta sallah ta ɓace, ya ce ya ba wani aro. Yanzu hatsi a buhu yake, a jingine a shago, kowa ya shigo ya ƙirga da ido. Da kuwa asirin gida a cikin rumbu yake, mutum guda ke ɗauke da shi.

Kawu dai abu guda ke damunsa, wai ban taɓa jin muryar jitar ta gaskiya ba. Ya ce a Damagaram in an ɗauke wuta sukan jingina kanta da kabad na katako, sai kabad ɗin ya ara mata murya. Muka gwada ƙyauren zaure, ya ɗan amsa. Muka gwada randa, ta yi ƙoƙari. Muka gwada turmi, ko gezau. Wata ranar kasuwa, Baba ya tafi tun safe, Inna na sheƙe a tsakar gida, Iya na kaɗi a ƙofar ɗakinta, Kawu ya tsaya yana kallon rumbu yana shafa suma. Mutumin da ya tashi a birni ne, hatsi a mudu ya san shi. Ya jawo mini 'yar kujera, ya zaunar da ni, ya kama kan jitar ya danna shi da bangon rumbun. "Ba ni Mi. A sake. Da ƙarfi."

Na ja. Rumbun gaba ɗaya ya buɗe baki. Wani gurnani ya taso daga cikinsa, ya bi duwatsun gindinsa ya shiga ƙasa, ya hau ta ƙafafun kujerar ya cika mini ƙirji. Kaji suka watse. Shi ne, wannan gurnanin na Gagarawa, har na ji warin mai da ƙura a hancina, na ji nauyin kan ƙawata a kafaɗata.

"Kashe!" in ji Kawu.

Na kifa tafina a kan tsirkiyar. Tsit. Kurciya na kuka can a kan aduwa.

"Sake."

Na sake ja, ya taso, na bar shi ya kai wuyana, na kashe. Na sake. Na bar shi ya daɗe, na kashe. Sannan yatsuna suka fara tafiya da kansu, Mi, Mi, takwararta, La, rumbu na amsawa kamar wani babban sa mai hankali da ake ja da zare. Ban san ina dariya ba sai da na ji gishirin hawaye a bakina. Kawu na tsalle yana cewa, "Ka ji bes! Ka ji uwar jitoci!"

Da na ɗago sai na ga Inna tsaye da faifai a hannu, ta daina sheƙe, hatsin na zubewa ta gefe ba ta sani ba. Iya ta ajiye mazarinta. Ta taso a hankali, ta zo jikin rumbun, ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa daga iya inda hannunta ya kai. Kwam. Ta sauko kaɗan. Kwam. Ta yi ta saukowa tana kasa kunne, har ta durƙusa, ko'ina amsa ɗaya. Sai can ƙasa, bai fi tafin hannu daga gindi ba, ya ce dim, iyakar hatsin ke nan. Ta daɗe a durƙushe. Inna ta shige ɗaki.

"Salamu alaikum, lafiya kuwa?" Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta kan danga. "Mun ji kamar hadari."

"Ina hadari a wannan shekara?" in ji Iya. "Ɗan Damagaram ne ke wasa da randa."

Matar ta dubi randar da ke can gindin bango, ta dubi rumbu, ta kawar da ido. "To, Allah ya kyauta," ta ce, ta sauka.

Iya ta juyo ga Kawu, ba faɗa a muryarta. "Naɗe garayarka, ɗan nan. Ashe ba bebiya ba ce. Kada kuma in ji wanda ya ce wa mai gidan nan uffan."

Ba wanda ya ce. Kawu ya naɗe ta cikin bargo, ya kasa haɗa ido da yayarsa. Washegari Baba ya jingina tsani kamar kullum, ya shiga, ya fito da awo cikakke ya ajiye. Inna ta ɗauki ƙwaryar, ta juye rabi a tata, ta mayar masa da rabin gabansa, ta koma bakin murhu. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar. Daga baya ya ɗauka, ya sake hawa tsanin. Daga ranar tuwonmu ya fara zuwa da dusa da ganyen yaɗiya a ciki, ƙannena na ci suna yatsina fuska, Iya na ce musu magani ne.

Ni kuwa lissafin ya ƙi barina. A makaranta ana ba mu abinci safe da rana da dare, ba a tambayar rumbun uban kowa. A nan kuwa kowace loma da na kai baki daga cikin wannan tafin hannun take fitowa. Lokacin buɗe makaranta ya matso. Wata la'asar na sami Baba a zaure yana tufka igiya. Kasancewata 'yar fari ba ya kiran sunana, ba ma ya cika dubana in yana magana. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, zan koma makaranta."

Bai ɗago ba. "Iya ce ta aiko ki?"

"A'a."

"Uwarki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"Gidan nan bai gaza da cikinki ba, 'yar Iya."

"Na sani, Baba."

Ya murza igiyar a cinyarsa, ya murza. "Motar fa?"

"Ina tsoronta."

"To?"

"Zan hau da tsoron."

Ya ci gaba da tufka har na ɗauka ya sallame ni. Sannan ya ce, yana magana da igiyar, "An ce har bakin rijiya aka ji. Ke kika buga?" Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai. "Ubana ne ya gina shi. Tun ina yaro nake shiga cikinsa, ban taɓa sanin yana da murya haka ba." Ya ɗaure bakin igiyar. "Allah ya tsare hanya. Kawunki ya raka ki Gumel."

Da ƙafa muka tafi Sule Tankarkar, daga can wani mai amalanke ya rage mana hanya. A tashar Gumel Kawu ya ɗora akwatina, ya ɗora ni, ya tsaya a ƙasa yana wasa da suma. Ya ce shi Maigatari zai koma ya yi dako kafin duniya ta sake son rawa. "In kin zama malama kada ki ce ba ki san makaɗi ba." Sai direba ya tayar da inji. Gurnanin ya taso ta cikin bencin. Na kifa tafina a kan katakon motar kamar yadda na saba. Bai mutu ba. Wannan ba nawa ba ne, ba ni ke ja ba. Na rufe ido, na ce a raina in na dira yanzu kafin ta tashi ba wanda zai zarge ni.

Sai wani hannu ya damƙe mini wuyan hannu, damƙa ta gaske. Wata Bafulatana ce kusa da ni, ta kai sa'ar Inna, da ƙullin ƙwarya a cinya ba ko ɗigon nono a ciki. Idonta a waje. Ta ce shanunsu sun ƙare a hanya, mijinta ya riga ta Kano, ita kuwa tun da aka haife ta a bayan shanu take tafiya, ba ta taɓa hawa wannan abin ba. "Yarinya, me yake yi wa kuka haka? Ciwo gare shi? Fashewa zai yi?"

Na ce mata a'a. Don in sami abin gaya mata sai na saurara. Ashe gurnanin ba abu guda ba ne. A tsaye yana ƙasa da Mi, da motar ta motsa ya fara hawa gaɓa-gaɓa, ya wuce La, ya yi ta hawa har ya matse. Na ce mata, "Inna, kin ji ya hau? Yanzu zai sauko." Direba ya canza giya, ya sauko. Ta dube ni baki buɗe. "Ke kika gaya masa?" Na ce ta saurara, zai sake. Ya sake hawa, na ce yanzu, ya sauko. Ta saki wata 'yar dariya ta tsoro, ba ta saki hannuna ba. Haka muka yi ta yi. In mun shiga rairayi ya yi nauyi in ce mata ƙoƙari yake, in mun fita ya sake in ce ya huta. Muryata na rawa, hannuna na rawa a cikin nata, ita ba ta lura ba, don nata ma rawa yake. Wani lokaci na yi kuskure ta ce, "A'a, wannan karon ya ƙi jin maganarki," mutanen benci suka yi mana dariya.

Can da rana ta karkata motar ta tsaya a wani gari shan ruwa. Na tattara ƙarfin hali na tambayi wani dattijo da ke gabanmu ko saura nisa mu kai kwanar nan ta wajen Gagarawa, don in rufe ido. Ya juyo ya dube ni. "Gagarawa? 'Yata, ai mun baro ta tun kuna hira da injin."

Bafulatanar ta sauka a bakin Kano, ban san sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba. Na isa makaranta ana kiran magariba. Da mai kula da ɗakin kwananmu ta karɓi akwatina sai ta kama hannuna ta juya shi a hasken fitila, ta ce wa ya yi mini wannan. Shatin farce ne, a jere, sun nutse har sun yi jini. Na ce mata wata ce ta ji tsoro a mota, na riƙe ta.